Giyar da Ta Kayar da Ni a Tudun Kugbo

Tun ranar da na dawo daga Zuba ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na zura zare a allura sai wani ya leƙo shago: "Malam Tanimu, wai da gaske da keke ka je?" Wasu kuma ba keken ne ya dame su ba, ɗaya maganar suke son ji, wadda ta riga ni isa Zuba, ta kuma riga ni dawowa Masaka. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi ɗinkin mutane.

Isiyaku ne sanadin tafiyar. Ni da shi tare aka yi mana kaciya a wani ƙauye gefen Haɗeja. Ni na zama tela, shi ya zama direban babbar mota, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗauko lemo daga Binuwai zuwa kasuwar Zuba, har ya yi gida a can. Wata huɗu kafin tafiyar hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya ce ƙafar za ta dawo in yana motsa ta, aka sayo masa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa. Isiyaku ya ce shi ba jariri ba ne da za a ba shi keken koyon tafiya. Rannan ya yunƙura ya miƙe, ba ƙarfe ba sanda, wai zai taka kamar da, ya zube a gaban 'ya'yansa. Daga ranar ya juya fuska bango, ƙafar kuwa tana ta ƙara sandarewa.

Da na je duba shi na yi masa faɗa, don ba mai iya yi masa sai ni. Ya bari na gama, sannan ya ce da karkataccen bakinsa, "Tela, kai da ke yi mini wa'azi, dubi tumbinka kamar randa. Ran da ka tako keke daga Masaka zuwa ƙofar gidan nan, ba ka sauka ka tura ba, ni ma zan tako in tare ka a zaure."

Ya faɗa ne don in yi shiru. Ya manta da wanda yake magana.

Ina da keke kuwa. 'Yata Zainabu ta saya mini na gwanjo, don ni ma an ce jinina ya fara leƙen sama. Keke ne mai wayoyi da wasu 'yan maɓallai a hannu, ga farantai masu haƙora jere a tayar baya. Ban taɓa maɓallan ba, na ɗauka ado ne irin na Turawa. Baƙin keken da muka hau muna yara birki kawai gare shi da ƙararrawa, kuma da shi muke cin kasuwanni uku a mako. Na yi sati uku ina zagaya Masaka da sassafe, na ji ƙafa ta dawo, na ce Asabar ta yi.

Na fito bayan asuba. Uwargidana Asabe ta ɗaura mini dabino da gorar ruwa, Zainabu ta kifa mini hular kwano a kan hulata, ta ja igiyar har na kasa haɗiyar yawu. Daga Masaka zuwa Mararaba tafiya ce ta sarauta. Motoci sun yi cirko-cirko kamar kullum, ni kuwa ina ratsa su ina kaɗa ƙararrawa. Wani kwandasta ya leƙo ya ce, "Baba, man fetur ne ya kore ka?" Na ce masa mu haɗu a gaba in ya iso.

A Mararaba girman ya fara zubewa. Sarƙar keke ta cafke ƙafar wandona, ta tsarge shi har gwiwa. Na zauna bakin hanya na fito da allura da zare, don tela ba ya tafiya babu su. Wata mai gasa masara ta tsaya tana kallon hannuna, ta ce, "Oga, ka iya sosai. Ka taɓa tunanin buɗe shago?" Na ce zan duba. Ta nuna mini in cusa ƙafar wandon cikin safa, kuma wannan ne ilmin farko da na samu a hanyar.

Kan iyakar Nasarawa da Abuja, wajen Nyanya, ba katanga ba ƙofa, amma ana gane ta. Nan hayaniya take fara raguwa, titi ya fara yin kamar na gwamnati. Wani mai kaki ya ɗaga mini hannu, fuska a ɗaure, ya ce in kawo takardun mota. Na miƙa masa dabino uku. Ya tambayi inda za ni, na ce Zuba. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gan ni.

"Baba, ka san Kugbo?"

"Shekara ashirin ina wuce ta."

"A mota," in ji shi, ya buɗe mini hanya yana tauna dabino.

Gaskiya ya faɗa, wanda ke zaune a mota bai san tudu ba. Mu mutanen Haɗeja ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, tudun da na sani shi ne na bakin kududdufi, wanda ake tahowa da gudu a haye shi da taku huɗu. Dabarar da na zo da ita ke nan. Na taho da ƙarfina, na miƙe tsaye a kan feda, ina jefa keken dama da hagu kamar saurayi. Na ɗan yi nisa kuwa. Sai fedar ta fara nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Na ɗaga kai, na ga tudun bai ma san na zo ba. Numfashi ya ƙare, ƙafar dama ta danna, feda ta ƙi sauka. Ni da keke muka tsaya cak, muka yi shawara, muka kwanta tare a kwatar gefen titi.

Ina kwance ina kallon sama na ji ƙarar wani keke yana tahowa, tik-tik-tik, kamar agogo. Wani dattijo ne siriri, ya girme ni, da kular abinci a bayan kekensa, yana hawa yana rera waƙar coci a hankali. Ya tsaya, ya ciro ni, ya dubi tayar bayana, ya girgiza kai.

"Sori, Baba. Giya ne ya kashe ka. Giyanka ya yi yawa."

Duk da ba numfashi, na samu na ce, "A'uzu billahi. Ni? Ban taɓa kai ta bakina ba."

"Ba baki ba. Ga shi nan, ka sa babba. Da babban giya ko soja ba zai hau nan ba."

A bakinmu giyar mota daban, giyar kwalba daban. Ta mota ana ɗan jan farkonta, ta kwalba ba a ja. Hausar Abuja kuwa ba ruwanta da wannan, kowa da irin tasa, ana dai ciniki. Ga shi kuma ni ban taɓa jin keke na da giya ba. Ina shirin nuna masa ko ni ɗan wane ne, wayata ta yi ƙara a aljihu. Hajiya Mairo ce, matar Isiyaku, tana son jin inda na kai. Ina ta haki, sai mutumin ya karɓa ya amsa mini.

"Madam, ba komai, kar ki damu. Giya ne ya kayar da shi a gota. Zan kula da shi, in ya dawo daidai zai kira ki."

Ina ji ina gani ya kashe waya ya mayar mini aljihu, yana murmushin wanda ya yi aikin lada.

Sunansa Bitrus, mutumin Pankshin, mai gadi ne a wani gida a Wuse. Yana zaune a Nyanya, tudun nan kuwa ya hau shi ya fi a ƙirga. Da ya ɗaga bayan keken ya danna maɓallin, na ga sarƙa tana tsalle daga faranti zuwa faranti, kunya ta rufe ni. Rashin sani ya fi dare duhu. Na ba shi labarin Isiyaku da sharaɗinsa. Ya ce ai in tura keken zuwa sama kawai, wa zai gani? Sannan ya dube ni ya ce, "A'a, irinka ba zai yi ba. Mu koma ƙasa."

Muka gangara har gindin tudun. Ya fara da ɗaga mini sirdi, ya ce yadda nake zaune gwiwa na neman taɓa haɓa, kamar mai wankin kwano. Sannan ya tambayi sana'ata.

"Tela? To ka gama iyawa. In za ka ɗinka yadi mai kauri, kana tashi tsaye ka taka keken ɗinki da ƙarfi?"

"Allura za ta karye."

"Yawwa. Yaya kake yi?"

"A zaune, ƙafa na tafiya a hankali, ba ta tsayawa."

"Haka tudu yake so. Ka sa ƙaramin giya tun kafin ya kama ka, ba sai ka fara mutuwa ba. Lokacin canzawa ka sassauta ƙafa kaɗan, kar sarƙa ya yi fushi. Ka zauna, ka matsa baya a sirdi. Hannu kuma sako-sako, keken ba ɓarawo ba ne da za ka shaƙe shi."

Muka fara. Na danna maɓallin har ya ƙare, feda ta yi sakayau, ƙafafuna suna juyawa da sauri, keke kuwa yana rarrafe. Wata mata da tiren ayaba a ka tana tafe a ƙasa, mun yi kusan tafiya ɗaya da ita. Na ce wa Bitrus wannan ai abin kunya ne, namiji da gemunsa yana wutsil-wutsil kamar ɗan tsako.

"Ɗazu da ka yi na maza, ina ka ƙare?" in ji shi. "Kar ka kalli sama. Kalli falwayan can. In mun kai, ka zaɓi wani."

Ya ce in dinga magana, in na kasa haɗa jimla to na yi sauri, in rage. Don haka yake waƙa, ashe ba don daɗi kawai ba. Ni ban iya waƙarsu ba, sai na kama istigfari, wanda da ma ina bukata. Shi yana tasa ina tawa, falwaya bayan falwaya, manyan motoci suna wuce mu suna nishi. Wuri ɗaya da tudun ya ƙara miƙewa ya ce in tashi tsaye taku goma in huta da mazaunai, in koma. Cinyoyina sun yi zafi, amma zafi ne da ake iya zama da shi. Ban san mun kai ba sai da na ji feda ta yi sauƙi da kanta. Na waiwaya na ga Nyanya can ƙasa, na ji daɗin da rabona da irinsa tun ranar da na ɗinka babbar rigata ta farko.

Daga nan gangara ce zuwa cikin gari. Abujar ciki ranar Asabar abin kallo ce ga ɗan Masaka. Tituna fetal, katangu dogaye, ba yaro ko ɗaya a waje. Na ga wani babban mutum da gajeren wando yana gudu, na waiga in ga abin da ya biyo shi, ba komai. Na yi masa sallama bai amsa ba, ashe kunnuwansa a toshe suke da waya. A garinmu in dattijo ya wuce ka da gudu, kai ma bin sa kake yi, tambaya sai daga baya. Sai ga ayarin masu keke sun wuce mu fuu, da kaya masu ɗame jiki. A matsayina na tela na auna su da ido, duk mutum ɗaya bai ci yadi guda ba. Ɗayansu ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Weldon, Baba." Na karɓa, don na ci ta.

Kafin mu isa Wuse azahar ta yi, ƙafafuna sun ce su fa sun tashi aiki. Bitrus ya ce in kwana wurinsa. Gidan da yake gadi bene ne da ba a gama ba, mai shi yana ƙasar waje, ɗakuna birjik sai ƙadangaru, shi kuma yana ɗan ɗakin bakin ƙofa. Ya ba ni buta, ya nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba, ya ce abokin gadinsa na da Bazazzagi ne. Da yamma ya buɗe kular, ga gwaten acca da matarsa ta dafa, da yakuwa da gauta. Na dube shi na ce a raina, wannan kunu ne ko miya? Ya rufe ido ya yi addu'arsa, na yi bisimilla, muka sa cokali. Kwano biyu na sha, ban ƙara raina abincin mutanen dutse ba.

Muna gamawa Asabe ta kira. Ko gaisuwa babu.

"Malam, ashe haka? Shekara talatin da ɗaya ina zaune da kai."

Hajiya Mairo ta kira ta ke nan. Na yi bayani tiryan-tiryan, faranti da sarƙa da maɓalli. Da na gama ta ce, "Keke kuma da giya? Malam, in za ka yi ƙarya ka yi mai kama da gaskiya." Na miƙa wa Bitrus waya ya wanke ni. Ya ce, "Madam, yanzu ya koyi, ƙarami kawai yake sa wa." Na fizge wayata kafin ya ƙarasa kashe mini aure.

Da safe ya raka ni bakin titi, ya ce in sha ruwa tun ƙishi bai zo ba. Na ce ya kawo duk rigar da yake so in ɗinka masa. Ya ce ta coci, mai aljihu biyu.

Hanyar Kubwa doguwa ce, hawa da sauka, amma yanzu na san sirrin. Da na hango tudu sai in rage giya tun daga nesa, in gyara zama, in kama istigfarina. Sau ɗaya na manta na canza ina tsakiyar dannawa, sarƙa ta yi ƙara ta zame, na mayar da ita da hannu, na shafa baƙin mai a farar rigata. Wajen Dei-Dei na ci shinkafa da wake a wata rumfa. Wasu matan Gwari suka wuce da itace, ba a ka ba, a kafaɗa. Mai abincin ta ce su kai yana da daraja a wurinsu, ba a ɗora masa kaya. Na taɓa hular kwanon da ta matse mini nawa tun jiya, na ce suna da gaskiya.

Zuba hanci ke fara sanin an iso ta, ƙanshin abarba da lemo da ruɓaɓɓiyar kankana duk a haɗe. Direbobin tasha sun san ni a wurin Isiyaku. Na yi musu sallama, suka amsa a sanyaye, wani dattijo ya matso ya riƙe hannuna ya daɗe, ina lura hancinsa yana aiki. Ga riga da baƙin mai, ga wando da faci, ga ido ja. Ban tsaya kare kaina ba, gidan Isiyaku na kan wani tudu bayan kasuwa, gajere amma a tsaye, ga tsakuwa. Na sa ƙaramar giya, na zaɓi wata bishiyar mangwaro, daga ita na zaɓi tankin ruwa, daga shi ƙofar gida. Na sa ƙafa a ƙasa, na kaɗa ƙararrawa sau uku.

Zaure ba kowa.

Duk wahalar hanya ba ta yi mini ciwo kamar zauren nan ba. Hajiya Mairo ce ta fito, tana kallon ƙasa. Ta ce, "Sannu da hanya, Baban Zainabu. Ka shiga ka gan shi. Tun jiya da na gaya masa abin da ya same ka yake dariya shi kaɗai, ina tsoron ko ciwon ya taɓa kansa."

Na same shi kwance, amma fuskarsa ba bango take kallo ba, ƙofa take kallo.

"Mashayi ya iso?" in ji shi, kafaɗarsa mai lafiya tana rawa. "Mairo ta zo tana salati. Na ce mata, mutumin da ko lemon kwalba sai ya karanta jikinsa? Tela, wace lamba ka sa a Kugbo?"

"Babbar duka."

"Jaki." Ya yi dariya har da tari. "Kugbo? Ko mota ba kaya ba ta yi mata haka. In ka ɗauko lodi, lamba ɗaya za ka sa tun daga ƙasa, ka bar ta tana kuka tana rarrafe, yara na wuce ka a ƙafa. Direban da ya ji kunyar lamba ɗaya, shi ake tsinta a rami."

"Ashe ka sani," na ce.

"Ni za ka koya wa?"

"To kai da lodin rabin jiki, me ya sa ka tashi da lamba huɗu?"

Dariyar ta tsaya. Ya dube ni, ya dubi ƙarfen da ke jingine a lungu an rataya masa tawul. Na ɗauka zai kore ni, don na san zuciyarsa. Sai ga kiran la'asar daga masallacin kasuwa.

"Ka tura?" ya tambaya.

"Na faɗi, na koma ƙasa na sake. Ban tura ba."

Ya ja dogon numfashi. "Fita. Ba nan na ce zan tare ka ba. Mairo, cire tawul ɗin nan ki miƙo mini abin."

Na koma zaure na riƙe kekena, na juya wa tsakar gida baya, don na san ba zai so a kalle shi ba. Da farko ba abin da na ji sai muryar Hajiya Mairo tana bisimilla. Can sai ƙarfe ya daki siminti, ƙwas, sannan jan ƙafa, sannan shiru. Ƙwas, jan ƙafa, shiru. Daga ɗakinsa zuwa zaure tafiyar da yaro zai yi da tsalle biyar ce. Sau biyu shirun ya yi tsawo har na kusa waiwayawa, sai na ji yana cewa, "Bar ni, ba tsayawa na yi ba." Na ƙirga ƙwas ashirin da uku.

Hannunsa na dama ya sauka a kan sirdin kekena. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, rigarsa ta jiƙe kamar tawa a Kugbo.

"Lamba ɗaya," ya ce yana haki. "Ko sau ɗaya ban canza ba."

Kuka ya taso mini, ni da na zo da shirin yi masa tsiya. Na sunkuya ina matsa tayar gaba, wadda ba abin da ya same ta.